Muryar da Ba a Binne Ba

Ba zan faɗi sunan mahaifiyata ba. A tsibirinmu in mutum ya rasu, sunansa ma kwanciya yake yi. Ba a kiran sunan, ba a duban hotonsa, ba a sauraron muryarsa, har sai dangi sun yi masa bikin sallama sun sake shi ya tafi. Ɗan shekara biyar ya san wannan. Mutanen birnin Darwin ma sun sani, kada wani ya ce muku rashin sani ne ya sa su.

Ciwon ƙoda ne ya kawo ta birni, domin injinan wankin ƙoda na tsibiri sun yi wa marasa lafiya kaɗan. Ƙanwarta Marita, wadda nake kira Inna, ita ta biyo ta jinya. Aka ba su ɗaki a masaukin marasa lafiya bisa sharaɗin ba a kwana da baƙo. To wa ya isa ya ce wa ɗan'uwan da ya ƙetaro teku don ya gaishe shi ya je ya kwana a titi? Aka gargaɗe su, aka sake gargaɗinsu, ran nan suka dawo daga asibiti suka tarar da kayansu a bakin ƙofa. Suka koma cikin doguwar ciyawar da ke bayan gaɓar teku, inda mutanenmu da birni ya haɗiye suke kwana a kan kwali. Ni ina Adelaide, can kudu, ina karatun aikin jinya. Duk lokacin da na bugo waya sai su ce, "Lafiya lau muke, Delfina, ɗakin har da fanka."

A gida Inna Marita ko ƙanshin giya ba ta so. A ciyawa ta koya. Giyar kwali mai arha ce take zagayawa hannu zuwa hannu, ƙin karɓa kamar zagi ne, wadda ta sha kuma tana samun barci duk da sauro da fargaba.

Da rani, ranakun kasuwar bakin teku, sukan zauna a gefe su yi waƙa, 'yan yawon buɗe ido suna jefa musu tsaba a gwangwani. Waƙar kakata suka fi yi, ta matan da ke shiga taɓo neman ƙaguwa. Inna ce take ɗaukar ta sama, da wata murya da in ta fito sai tsikar jikinka ta tashi. Mahaifiyata tana bin ta a ƙasa, sannu a hankali, kamar mai riƙe mata tsani. Wata baƙuwa ta ɗauke su a waya. A ƙarshen bidiyon mahaifiyata ta fashe da dariya, ta ce wa Inna da harshenmu, "Ke, kin cika sauri."

Ba a yi wata guda ba ta rasu. Aka kai gawa tsibiri, na taho daga kudu, aka binne ta. Inna ba ta zo ba. Jirgin ruwa ya tashi tana kwance a ciyawa ba ta san inda kanta yake ba. Ƙasar kabarin ba ta gama bushewa ba bidiyon ya bazu a duniya.

Nolan ne ya nemo ta. Matashi ne mai shirya wa mawaƙa wasanni, mai fara'a, kuma ba mugu ba ne. Da mugu ne da abin ya zo da sauƙi. Ya shiga ciyawa da ƙafarsa yana nuna wa mutane fuskarta a waya har ya same ta. Ya kama mata ɗaki can sama a wani dogon bene a tsakiyar gari, ya saya mata riguna, ya kai ta aka gyara mata haƙora. Jaridu suka yi ta murna, wai birni ya tsinci lu'ulu'u a bola. Babu wadda ta tambayi wa ya jefa shi bolar.

Na nemi a mayar da ni asibitin Darwin in ƙarasa koyon aiki, na je na same ta. Tagogin ɗakin irin waɗanda ba a buɗewa ne, na'urar sanyi tana ta huci. Gadon yana nan a gyare ba a taɓa shi ba. Ita tana kwance a ƙasa kusa da ƙofa, a kan tawul.

Ta ɗago kai ta ce, "Ah, ga 'yar boko. Allura kika zo yi mini ko faɗa?"

"Duka biyun, Inna."

"Fara da allurar, ta fi sauƙi."

"Me ya hana ki hawa gado?"

"Wancan? Kamar na kwanta a kan tumbin Fada, limamin cocinmu. Na gwada, sai na ji ina nutsewa."

Na yi dariya ba don ina so ba. Bayan labule na hango kwalabe a jere, ba na kwali ba ne yanzu, masu tsada ne. Na zauna kusa da ita na ba ta saƙon da aka aiko ni da shi. Goggo Regina, yayar mahaifinsu, ita ce babba a gidanmu, kuma maganarta ba ta da biyu.

"Goggo ta ce an fara sassaƙa ginshiƙan kabari. Kafin ruwan farko za a yi sallama. Ta ce ke za ki yi waƙar 'yar'uwa, babu mai yi miki. Amma kada ki taka tsibiri da warin giya, kuma kada ki taka shi kina cin abinci da muryar mamaciya."

Inna ta miƙe zaune. "Ni na ɗauka? Ni na zuba a waya?"

"Ba ke ba ce. Amma ke kike zama ana kunnawa."

Ta miƙa hannu bayan labule, sannan ta tuna ina wurin, ta janye.

Zaman da ake kunnawa kuwa na gan shi da idona. Wata safiya ina raba magani a ɗakin marasa lafiya sai ga ta a talabijin, Nolan ya kai ta Sydney. An zaunar da ita a doguwar kujera tsakanin masu gabatarwa biyu. Kafin su saki bidiyon sai wani rubutu ya fito, mace ta karanta shi da murya mai taushi: ana sanar da 'yan asalin ƙasa cewa abin da za a nuna yana ɗauke da hoto da muryar wadda ta rasu. Daga nan suka kunna. Ƙanwar wadda ta rasun tana zaune a gabansu, da fitilu a kanta, da abin magana maƙale a ƙirjinta. Ina za ta je? Ni na toshe kunne na fita baranda, amma ta gilashi na ga Inna ta sunkuyar da kai tana murmushin da muke yi in an ci mana mutunci a gidan baƙi. Mai gabatarwa ta share hawaye ta dafa mata gwiwa.

Wannan jimlar tasu ita ta fi komai ƙona mini rai. Sun koyi al'adarmu daidai gwargwadon da zai ishe su wanke hannu. Sun ce mana mu kau da kai, shi ke nan sun fita haƙƙi, sai a ci gaba da shagali. Duk inda aka gayyaci Inna haka ake yi, a rediyo, a zauren taro, a liyafar tara wa marasa gida taimako. Ita kuwa ta gano cewa in ta sha kafin ta shiga, muryar takan yi nisa kamar daga ƙarƙashin ruwa. Nolan ya lura, ya damu, ya rage mata zuwa kofi biyu kafin wasa, wai don hannunta ya daina rawa. A ganinsa kulawa ce.

Ina ɗakin ranar da ya zo da babban albishir. Ya shigo da kifi da soyayyen dankali a takarda, ya zauna a ƙasa kamar yadda muke zama, ya ce an ba Inna daren rufe babban bikin waƙa na ƙarshen rani.

"Kuma ki ji abin da ya fi daɗi, Marita. Na samu wani gwani ya ciro muryar yayarki daga bidiyon, ya wanke ta tas, babu ƙarar teku, babu hayaniyar kasuwa. Za ku yi waƙar tare, ke da ita, a gaban dubban mutane. Duniya za ta san sunanta."

Sai ya faɗi sunan. Ya faɗe shi cikakke, da ladabi, har yana ƙoƙarin furta shi daidai.

Inna ta dubi ƙasa. Ta daɗe tana murza gefen takardar kifin. Can ta ce, "To. Bari mu gani."

Nolan ya tafa hannu. Ni kuwa jini ya hau mini kai, domin duk wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da ta ce. In babba ya dubi ƙasa ya ce bari mu gani, ya rufe ƙofa ke nan har da sakata.

Na ce, "Ta ce a'a."

"Ban ji haka ba, Delfina."

"Don ba ka iya ji ba. Kuma kada ka ƙara kiran sunan nan a gabanmu."

Ya ba da haƙuri a kan sunan, har fuskarsa ta yi ja. Sannan ya gyara murya ya ce, "Amma ina ganin an daɗe ana yi wa mata irin Marita magana a madadinsu. Gara mu bar ta ta faɗi ra'ayinta da kanta. Marita, kin yarda?"

Inna ta ce, "Kifin nan ya yi daɗi."

Da ya fita na juya kanta. "Inna, me ya hana ki ce masa a'a?"

"Na ce mana. Kurma ne?"

"Irin wannan a'ar ba ta shiga kunnensu. Sai kin dube shi kin faɗa da baki."

"Mutumin da ya shiga ciyawa ya nemo ni? Da haƙoran da ya sa mini zan buɗe baki in ce masa a'a? Ke dai boko ya cinye miki kunya. Uwata ba ta haife ni haka ba."

Ranar gwaji na raka ta. Da rana ne tsaka, filin babu kowa sai ma'aikata suna jan wayoyi, zafi ya fara nauyi irin na gab da damina. Na tsaya can baya kusa da ƙofar fita. Aka ba ta abin magana, wani ya ɗaga babban yatsa, sai muryar mahaifiyata ta fito daga lasifikoki masu tsayin mutum biyu. A bidiyo aƙalla akwai iska da surutun mutane da ke nuna abin ya wuce. Wannan babu komai a kanta. Har numfashin da take ja kafin ta ɗauki baiti ana ji, kamar tana tsaye a bayanka. Na durƙusa na danna yatsu a kunne, amma ta cikin ƙasa take shigowa.

Inna ba ta rera ko kalma ba. Ta tsaya har aka kai wurin dariyar, aka ce, "Ke, kin cika sauri." Sai ta ajiye abin maganar a hankali, ta tuɓe takalman da aka saya mata, ta sauka ta bayan dandali. Kafin in zagayo ta ɓace.

Ciyawa ta koma, amma ciyawar da ta sani ba ta nan. A da ita ba kowa ba ce, kuma wanda ba kowa ba yana da wurin ɓuya. Yanzu 'yan'uwa na kusa da na nesa suka yanyame ta, kowa da buƙatarsa, ita kuma ba ta iya hanawa. Samarin Turawa masu gudun motsa jiki suna tsayawa su ɗauki hoto da ita. A tashar bas yara suna kunna mata bidiyon don su nuna sun gane ta. Ta canza makwanci daga wannan gaɓa zuwa waccan, muryar tana gabanta. Na yi kwanaki ina nemanta bayan na tashi daga aiki. Wata tsohuwa 'yar wani tsibirin ce ta kai ni inda take, da hantsi, a bakin wani kwalbati. Idanunta sun yi ruwan ɗorawa, ta yi amai da jini a rigar da ta sa a talabijin.

Ta buɗe ido ta gan ni ta ce, "Ki ce mata ta yi shiru, Delfina. Ke 'yarta ce, za ta ji maganarki."

Daga asibiti aka wuce da ita gidan barin shaye-shaye da ke bayan gari, wanda mutanenmu suke gudanarwa. Fili ne da shingen waya, da itatuwan mangwaro, da dokoki fiye da na masaukin da ya kore su. Doka ta farko, ana karɓe wayar kowa a bakin ƙofa, har ta mai ziyara.

Makonnin farko ba su da kyan gani. Ta yi rawar jiki, ta yi gumi, ta ga abubuwa suna tafiya a bango, ta zagi ma'aikata da harsuna uku. Ta roƙe ni in shigo mata da ko da maganin wanke baki ne. Na ƙi, ta ce ni ba jininta ba ce. Daga baya abinci ya fara zama, aka ba ta kula da lambun kabewa, kumatunta suka ciko. Na zo ziyara wata Lahadi na same ta tana koya wa wata yarinya gasa burodi a toka, tana yi mata tsiya.

"Dubi hannu kamar na ma'aikaciyar banki. Murza shi, ba zai kai ƙararki ba."

Muka zauna ƙarƙashin mangwaro. Ta ce, "Kin ji?"

"Me?"

"Babu komai. Shi nake nufi. Duk faɗin ƙasar nan, a cikin shingen nan kaɗai yayata take samun barci." Ta dubi ƙofar. "In na roƙe su za su bar ni in zauna nan gaba ɗaya? Ina iya shara."

Ban gaya mata yadda nawa ƙoƙarin ya ƙare ba. Na bi duk hanyar da aka ce a bi don a sauke bidiyon. Matar da ta ɗauka ta ba da haƙuri ta goge nata. Amma in an cire ɗaya sai goma su tsiro, wani ya sa masa kiɗa, wani ya haɗa shi da hoton faɗuwar rana. Kowa yana ba ni haƙuri, babu mai iya komai.

Gajimare ya fara taruwa da yamma yana watsewa, alamar ruwan farko ya kusa. Sai ga baƙi biyu a Lahadi ɗaya. Goggo Regina ta ƙetaro da sandarta da jakar saƙa, ta zauna a kujerar roba ba ta ko dubi Inna ba. Ba a jima ba Nolan ya iso da furanni. Tun da Inna ta gudu aka ba wani daren rufe bikin, amma Nolan bai yi fushi ba, har ya biya wani abu daga kuɗin asibiti.

Ya ce, "Marita, kin yi kyau! Kin san mutane sun fi son ki yanzu? Labarin ya ƙara ƙarfi. Kin faɗi, kin tashi. Masu shirya fim suna so su bi ki daga ƙofar nan har dandali a Melbourne, ku rufe da waƙar, ke da yayarki. Ɗakinki yana nan na riƙe miki."

Na buɗe baki, Goggo ta ɗora mini sanda a kan ƙafa. Na rufe.

Inna ta dubi ƙasa. Na ga leɓenta yana shirin cewa bari mu gani. Ta dubi shingen, ta dubi Goggo da ke kallon wani wuri daban, ta goge tafin hannunta a zane. Sannan ta ɗago ta dubi Nolan cikin ido, abin da ban taɓa ganin ta yi wa wani namiji baƙo ba.

"A'a."

"Ba sai yanzu ba, in kin ƙara samun ƙarfi..."

"A'a, ɗana. Ba yanzu ba, ba gobe ba. Waƙar nan na rufe ta. Muryar da ka wanke, ka goge ta. Ka yi mini alheri, ban manta ba, in kana son haƙoranka zan cire in ba ka."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce ba haka yake nufi ba. Ya yi bayani mai tsawo, cewa ba tare da waƙar ba masu fim ba za su zo ba, ɗakin ma ba zai iya ci gaba da riƙewa ba. Inna ta ce ta ji. Ya ce zai goge abin da ke hannunsa, amma na duniya ya fi ƙarfinsa. Ta ce ta sani. Da ya tafi ta ce, "Wayyo, na ci mutuncin yaron mutane."

Sai a lokacin Goggo ta yi magana, tana kallon mangwaro. "Jirgin ranar Alhamis. Kada a makara wannan karon."

Masu gidan suka ba ta izinin fita don bikin sallamar, da sharaɗin in raka ta in dawo da ita. A bakin ƙofa aka miƙo mini wayata, Inna ta ja da baya kamar an miƙo maciji.

Jirgin ya cika. Matan tsibirinmu sun zauna a gefe guda da buhunan sayayya da jikoki, sun gan mu, ba wadda ta gaishe da Inna. Ba su manta jana'izar ba. Muka zauna a ƙarshen benci, Goggo a tsakiyarsu. Ɗaya gefen 'yan yawon buɗe ido ne, da wasu maza masu zuwa kamun kifi, akwatin ƙanƙararsu a buɗe, gwangwanayen giya suna zufa a ciki, taku biyu daga gwiwar Inna. Ta kau da kai tana kallon ruwa.

Mun yi nisa, Darwin ta zama zare a bayanmu, tsibiri bai fito ba tukuna, sai wata mata mai faffaɗar hula ta leƙo fuskar Inna ta dafe ƙirji.

"Ke ce! Wallahi ke ce! Kin sa ni kuka, har mijina na nuna wa. Tsaya ki gani, ina da shi a nan."

Na ce, "Don Allah kada ki..." amma yatsanta ya riga bakina.

Muryar ta tashi a cikin jirgin. Babu ƙofar da za a fita, teku ne hagu da dama. Matanmu suka sunkuyar da kai, wata ta rufe kunnuwan jikanta. Inna ta miƙe tsaye. Na ga idonta ya sauka a kan akwatin giyar, na ga hannunta ya saki ƙarfen benci. Ɗaya daga cikin masu kamun kifin, shi ma da nufin alheri, ya ciro gwangwani ya miƙo mata.

"Sha ɗaya, tauraruwa, ni na saya."

Sai Goggo Regina ta buga sandarta a ƙasan jirgin ta ɗaga murya. Muryar tsohuwa ce, a fashe, ba daɗi. Waƙar coci ta kama, wadda kowane yaro a tsibiri ya iya. Matar da ke kusa da ita ta karɓa, ta bayanta ta karɓa, kafin a kai baiti na biyu duk gefen ya ɗauka, da ƙarfi fiye da yadda ake yin ta a coci, suna tafi, suna buga buhunan shinkafa. Ni ma na sa baki. Wayar tana hannun matar tana ta yi, amma babu mai jin ta.

Inna tana tsaye tsakanin gwangwanin da matan. Wata ƙawarta ta ƙuruciya, Leoni, wadda ɗazu ta ɗauke kai da ta gan ta, ta matsa ta buɗe wuri a benci, ta daka mata tsawa a tsakiyar waƙar.

"Ke Marita, za ki bar Goggo ta kashe mu da wannan muryar? Zo ki ɗauke ta sama!"

Inna ta zo ta zauna. Baitin farko muryarta tana karkarwa. A na biyu ta fito, ta hau saman ta kowa, har mai gwangwanin ya manta hannunsa a miƙe.

Matar mai hula ta kashe bidiyon, idonta ya ciko da hawaye. Ta ce, "Kai, abin ban sha'awa," ta ɗaga wayar ta saita ta kan Inna da Goggo da sauran tsofaffin.

Na tashi na sa tafin hannuna a kan idon wayar. Ta ce minti ɗaya kawai, don ƙawayenta. Na ce a'a. Ban cire hannun ba har ginshiƙan tashar tsibiri suka fito daga cikin ruwa.